Miji da Mata a Littattafan Hikaya: Darasi ga Iyalan Kirista na Karaye da Rogo



An shirya darasin wannan wata domin Zumuntar Mata Katolika, da zumuntar maza, da ƙungiyoyin matasa na majami'unmu da ke ƙasar Karaye da Rogo. Muna roƙon katikis na kowace majami'a ya tara jama'a bayan sujadar Lahadi, a karanta shi da babbar murya saboda waɗanda ba su iya karatu ba, sa'an nan a tattauna. Kafin a fara, a karanta Farawa 2:18-25, da Tobit 2:11-14, da Afisawa 5:21-33.

Dalilin wannan darasi

Tun daga wajen tsakiyar shekarun 1980 ƙananan littattafan hikaya da ake kira littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, daga can kuma suka bazu zuwa garuruwa da ƙauyuka. Yau ba sai an sayi littafi ba. Ana karanta su a gidajen rediyo, ana kuma tura su a waya ta WhatsApp, babi bayan babi. 'Ya'yanmu mata da maza suna karantawa, matan aure da yawa suna saurara suna cikin surfe ko gyaran wake. Wasu iyaye in sun ga littafin sai su ƙwace su jefa a murhu, wasu kuwa ko kallo bai ishe su ba. Dukansu biyu ba su taimaki yaron ba, gama yarinyar da ta karanta littafi ashirin kafin ranar aurenta ta riga ta san irin mijin da take jira, saurayi kuma ya riga ya zana wa kansa irin matar da yake so. In mu iyaye da shugabanni ba mu san abin da labaran nan suke faɗi game da miji da mata ba, ba za mu iya taya su auna shi da Bishara ba.

Labari malami ne

Kada mu raina ƙagaggen labari. Sa'ad da sarki Dawuda ya ƙwace matar Uriya, annabi Natan bai fara da tsawa ba. Ya ba shi labarin attajiri mai garkuna wanda ya yanka 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci, har Dawuda ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa (2 Sama'ila 12). Ubangijinmu Yesu ma da misalai ya koyar, kuma mata suna cikinsu da ayyukan hannuwansu: mai cuɗa gari da yisti, da mai share ɗaki tana neman kuɗinta da ya ɓace, da gwauruwar da ta dami alƙali har ya bi mata hakkinta. Mu ma a gindin kakanninmu mata muka fara sanin duniya ta bakin tatsuniya. A nan muka san Gizo mai wayo da haɗama da matarsa Ƙoƙi, muka san mowa da bora da yadda son kai na miji yake raba 'ya'yan gida ɗaya. Labari yana shiga inda wa'azi bai kai ba, saboda haka dole mu san abin da yake shigarwa.

Abin da littattafan suka nuna

A shekarar 1933 Rupert East na hukumar fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta hikaya da Hausa, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki, da Idon Matambayi. A wannan zamani ne kuma aka buga Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Maza ne suka rubuta su duka, maza ne kuma taurarinsu: su ne masu tafiya, masu yaƙi, masu neman ilimi da dukiya. Duk da haka akwai mata biyu da ya kamata mu tuna. A Shaihu Umar, uwa ce ta bar ƙasarta ta bi sawun ɗanta da aka sace, ta faɗa cikin bauta, ta ƙetare hamada, ba ta huta ba sai da ta gan shi. A Jiki Magayi kuwa, dukiyar Malam Shehu ce ta raba Zainab da saurayinta Abubakar, kuma ramuwar gayyar da ta biyo baya ta cinye gidan gaba ɗaya. Tun a wancan lokaci marubuta sun gane cewa auren da kuɗi ya ƙulla bisa hawayen wani yana da ranar biya.

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin wata yarinya Bafulatana da ta tsaya a kan wanda take so ko da yake danginta ba su yarda ba. Daga nan mata suka kama alƙalami da gaske. Ado Ahmad Gidan Dabino, namiji, ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, inda Sumayya 'yar masu kuɗi ta ƙi attajirin da aka zaɓa mata saboda Muhammad talaka. Bilkisu Ahmed Funtuwa ta fitar da Allura Cikin Ruwa a 1994, kuma an san ta da zana mata masu ilimi waɗanda suke riƙe aiki da aure tare. Tun daga 2016 sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata domin mata marubuta.

Littattafai biyu na Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, sun fi dacewa da darasinmu. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara wajen 13. A Wa Zai Auri Jahila? na 1990, an cire yarinya mai suna Abu daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari ya ƙi ta don ba ta yi karatu ba, aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma wanda ya isa ya haife ta. Ta gudu zuwa birni, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na 1990, Rabi ta haifa wa Alhaji Abdu 'ya'ya tara, tana cika ɗan kuɗin cefanen da yake bayarwa da guminta. Ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta, ta shiga sayar da abinci ta ciyar da su ta kuma biya kuɗin makaranta. Da gobara ta cinye shagonsa, amarya ta juya masa baya, sai dangi suka matsa wa Rabi ta koma ta ɗauki nauyin mutumin da ya wulaƙanta ta. Aliyu Kamal ya fassara wannan littafi zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya a 2012.

In muka haɗa su, za mu ga fasalin gida guda ɗaya yana ta dawowa. Miji shi ne mai fita, mai kuɗi, mai saki. Mace tana cikin gida, aikinta girki da reno da haƙuri, babban tsoronta kishiya. Marubutan kirki sun zana wannan fasali domin su nuna inda yake ciwo. Akwai kuma littattafai masu yawa da suka mai da shi abin sha'awa: mijin kirki shi ne mai mota da bene, matar kirki ita ce fara mai dogon gashi wadda ba ta taɓa riƙe fartanya ba.

Gidan littafi da gidanmu

Yawancin marubutan nan 'yan'uwanmu Musulmi ne, mazauna birni, suna rubutu daga cikin gidajensu da shari'arsu. Sun yi magana da ƙarfin hali a kan auren dole da sakin wulaƙanci, kuma malamansu da yawa sun tsaya a kan cewa addininsu bai yarda da zaluntar mace ba. Ba mu karanta su domin mu nuna maƙwabci da yatsa. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Gidajenmu na ƙauyukan Karaye da Rogo suna da nasu tsari. Tun zamanin kakanni, matan gidajen Maguzawa suna fita gona. Suna aiki a gandu tare da mazan gida, suna da gayaunarsu, suna da awakinsu da kajinsu, suna cin kasuwa da ƙafarsu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye a 1992, noman rani da kamun kifi suka ƙaru a kewayenta, aiki kuma ya ƙaru a kan kowa. Saboda haka matsalar matar ƙauyenmu dabam take da ta matar littafi. Ita tana shuka da noma da girbi kamar mijinta, sa'an nan in an dawo gida shi ya zauna a gindin bishiya, ita kuwa ta ɗauki tulu, ta nemo itace, ta yi daka, ta ɗora tukunya, da goyo a bayanta. In an sayar da masara ko waken soya, sau da yawa ba ta san nawa aka samu ba, wani lokaci kuma kuɗin yakan ƙare a gidan giya kafin a biya na makaranta. Alhaji Abdu ba ya bukatar shago a birni. Ana samunsa da fartanya a kafaɗa, ana samunsa da sunan baftisma.

Ƙasarmu tana da tata shaidar a rubuce. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 ta kuma rasu a 1951, ta girma ne a yankin Zarewa, wadda take cikin ƙaramar hukumar Rogo. Ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Wannan ba ƙagaggen labari ba ne. Baba Musulma ce, aurenta na fari na zumunta ne wanda manya suka haɗa, ta yi aure sau huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta reni 'ya'yan dangi ta kuma zama uwa a cikin jama'arta. Labarinta ya nuna cewa matan wannan ƙasa tun dā suna da sana'a, da ƙawaye, da ra'ayi, da murya a sha'anin aure. Wanda ya ce al'ada ta hana mace magana bai san al'adar sosai ba.

Abin da Ikilisiya take koyarwa

Na fari, daraja ɗaya ce. Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ya halicci namiji da ta mace dukansu cikin siffarsa. Paparoma Yohanna Bulus na II, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya ƙarfafa wannan a wasiƙarsa kan iyali, Familiaris Consortio, ta 1981, da wasiƙarsa kan darajar mata, Mulieris Dignitatem, ta 1988. Ya bayyana cewa mulkin danniya na namiji a kan mace, wanda aka ambata a Farawa sura 3, sakamakon zunubi ne, kuma Almasihu ya zo ne domin ya warkar da shi.

Na biyu, yarda ce take ƙulla aure. Dokokin Ikilisiya na 1983 sun faɗa a doka ta 1057 cewa yardar ango da amarya ita ce take yin aure, kuma babu wani iko na ɗan adam da zai iya bayar da ita a madadinsu. Doka ta 1103 ta ce auren da aka shiga saboda tilas ko tsoro mai tsanani ba aure ba ne. Uban da ya karɓi kuɗin mutum ya ci, sa'an nan ya tsare 'yarsa da barazanar tsinuwa har ta ce ta yarda a gaban Fada, ya yaudari Ikilisiya, 'yarsa kuma ba ta da aure a gaban Allah. Abin da ya sami Abu a littafi bai kamata ya sami 'yar Katolika ba. Shawarar iyaye tana da nauyi, kuma yaran kirki suna nemanta, amma shawara dabam, tilas dabam.

Na uku, mace ɗaya, miji ɗaya, har mutuwa. Ubangiji ya mai da mu ga nufin Allah na farko a Markus 10:2-12. A nan ne muka rabu da yawancin littattafan, inda kishiya da saki suke tuƙa labari. Jarabar tana zuwa mana ta ƙofa biyu: rashin haihuwa ko rashin ɗa namiji, da kuma son ƙarin hannu a gona. Majalisar Vatikan ta Biyu ta koyar a 1965 cewa aure yana nan da darajarsa da ɗorewarsa ko da Allah bai ba da haihuwa ba. Matar da ba ta haihu ba cikakkiyar mata ce, 'ya'ya mata kuma cikakkiyar kyauta ce. Dangin miji da suke zuga shi ya ƙaro aure suna ture ɗansu daga teburin Ubangiji.

Na huɗu, aikin mace abin girmamawa ne, a gida da waje. Macen kirki ta Karin Magana sura 31 tana kaɗi da saƙa, tana sayen gona, tana ciniki, tana taimakon matalauta, mijinta kuma ya amince da ita. Lidiya 'yar kasuwa ce, Akila da matarsa Bilkisu kuma sana'ar ɗinkin alfarwa suke yi tare (Ayyukan Manzanni 16 da 18). Labarin Tobit ya fi kusa da mu. Da ya makance, matarsa Hannatu ce ta riƙe gida da saƙa. Ranar da masu aikin suka ƙara mata ɗan akuya a kan ladanta, Tobit ya ji kukansa ya ce na sata ne, ya ƙi gaskata ta. Mutumin kirki ne mai sadaka, amma zuciyarsa ta kasa ɗaukar cewa gumin matarsa ne yake ciyar da shi. Maza da yawa a cikinmu suna da wannan ciwo. In mace ta samu, sai zargi ya tashi, ko kuwa miji ya janye hannunsa daga cefane gaba ɗaya ya bar mata. Dukansu biyu laifi ne.

Na biyar, shugabancin miji hidima ne. Maza sukan haddace ayar da ta ce mata su yi biyayya, su tsallake ta gabanta, Afisawa 5:21, wadda ta umarci dukan masu bi su yi wa juna ladabi saboda Almasihu, su kuma tsallake ta bayanta, wadda ta ɗora wa miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ba da ransa domin Ikilisiya. Shugaban da muke bi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa (Yohanna 13), bayan tashinsa daga matattu kuma ya hura wuta ya gasa musu kifi a bakin teku (Yohanna 21). Paparoma Faransis ya rubuta a Amoris Laetitia ta 2016 cewa namijin da ya ɗauki wani aikin gida ko renon yara bai rage kome daga mazantakarsa ba. Ikilisiya ba ta rubuta wa kowane gida wanda zai yi daka da wanda zai yi huɗa ba. Abin da ta hana shi ne a bar wa mutum ɗaya kayan mutum biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mijin da ya ɗauki keke ko babur ya ɗebo ruwa ranar da matarsa take da tsohon ciki bai zama mijin-ta-ce ba, ko da abokansa sun yi masa dariya.

Sai mu yi hattara da kalmar haƙuri. Haƙuri ɗiyan Ruhu ne, babu auren da zai tsaya ba tare da shi ba. Amma a labarin Rabi mun ga yadda ake mai da shi igiya a wuyan mace kaɗai. Gafara wajibi ce ga Kirista, tuba da gyara kuma wajibi ne ga wanda ya yi laifi. Inda akwai duka ko haɗari ga rai, doka ta 1153 ta ba wanda ake cuta izinin rabuwa da zama tare, ko da yake igiyar aure tana nan. Kada dattawan majami'a su mai da mace ɗakin da ake dukanta da kalmar haƙuri kawai, ba tare da sun kira mijin sun tsawata masa ba. A kai irin wannan magana gaban Fada.

Yadda za mu karanta

Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku abin da suke karantawa, ku sa su ba ku labarin da bakinsu. Akwai rubuce-rubucen batsa da suke yawo a waya, waɗannan a guje su sarai. Sauran kuwa a auna su. 'Yan mata, ku lura cewa abin da ya fid da Abu karatu ne da sana'a. Kada labarin mai mota ya sa ku raina saurayi manomi mai tsoron Allah, ko ku bar bangaskiyarku saboda alkawarin daula. Samari, ku duba ƙarshen Alhaji Abdu, ku koyi dafa abinci da lissafin gida tun kuna gaban iyayenku. Ma'aurata, ku zauna bayan girbi ku ƙirga buhunan tare, ku ware na ci, da na iri, da na makaranta, da na baiko, kafin a kai ko ɗaya kasuwa. A lissafin makaranta kuma kada a fara cire sunan 'ya mace.

Muna kuma kira ga matasanmu masu baiwar rubutu. Labarin matar da take noma gayaunarta ta biya wa 'yarta kuɗin jarrabawa, da na gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona, da na katikis da matarsa da suka tsufa tare ba haihuwa, duk suna jiran mai rubuta su da Hausa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A ƙauyenmu, waɗanne ayyuka ne mace take yi daga asuba zuwa dare a lokacin damina, waɗanne ne kuma namiji yake yi? A lissafa su a gaban kowa.

2. Me ya sa Tobit ya kasa gaskata Hannatu? Yaya miji Kirista zai karɓi samun matarsa?

3. In uba ya karɓi kuɗin aure, 'yarsa kuwa ta ce ba ta so, mene ne aikin katikis da dattawan majami'a?

4. Da Rabi 'yar majami'armu ce, me za mu faɗa mata, me kuma za mu faɗa wa mijinta?

5. Yara mata nawa ne a majami'armu suka bar makaranta a shekarar da ta wuce, kuma me Zumuntar Mata da zumuntar maza za su yi tare domin su koma?

Addu'a

Ya Allah Uba, kai da ka halicce mu maza da mata cikin siffarka, ka albarkaci gidajenmu na Karaye da Rogo. Ka ba mazaje zuciyar hidima irin ta Yusufu Mai Tsarki, ka ba mata ƙarfi da hikima irin na Budurwa Maryamu. Ka ta'azantar da gwauraye da waɗanda ba su sami haihuwa ba, ka kiyaye 'ya'yanmu cikin abin da suke karantawa da abin da suke ji, ka kuma zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Mun roƙa ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.